Filin Tambayi Likita: Nimoniyar PCP ga masu cutar ƙanjamau da yadda ake maganinta

Wasiƙu da dama da suka iso wannan fili a makonnin nan sun taru a kan tari da sarƙewar numfashi ga masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV, musamman irin nimoniyar da likitoci ke kira PCP. Na zaɓi shida daga cikinsu, kuma kamar yadda muka saba, an sakaya sunayen masu tambaya. Awon magungunan da zan ambata na kawo shi ne domin mai jinya ya fahimci abin da ake yi wa majinyacinsa, ba domin wani ya je kemis ya haɗa wa kansa ba.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Likita. Bayan gaisuwa da fatan alheri, maigidana yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, ya sha magani na wasu shekaru, da ya ga jikinsa ya yi kyau sai ya daina zuwa karɓa. Yau kusan mako uku ke nan yana fama da busasshen tari da zazzaɓi, ko banɗaki ya je ya dawo sai ya zauna yana haki. An gwada kakinsa ba a ga tarin fuka ba. Yanzu an ba shi gado, an ce wata nimoniya ce mai suna PCP, ana ba shi Septrin ƙwaya huɗu sau uku a rana. Ashe Septrin ɗin da muke saye a kemis zai iya maganin ciwo mai tsanani haka? Kuma ƙwaya goma sha biyu a yini ba za ta yi masa illa ba?

Daga wata matar aure a Zariya

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri a kan wannan jinya. Ki kwantar da hankalinki a kan maganin, domin abin da ake ba shi shi ne maganin da duniya ta fi amincewa da shi ga wannan cuta, kuma har yau ba a samu wanda ya fi shi aiki ba, ko a manyan asibitocin Turai da Amurka.

Abin da ke haddasa ciwon wata ƙwayar halitta ce dangin fumfuna mai suna Pneumocystis jirovecii. Ana shaƙar ta ta iska, kuma mafi yawan mutane sun riga sun gamu da ita tun suna ƙanana ba tare da ta yi musu komai ba, saboda garkuwar jiki mai ƙarfi tana daƙile ta. Sai garkuwa ta faɗi warwas take samun damar yaɗuwa. Shi ya sa aka fara sanin ɓarnarta a gidajen marayu na tsakiyar Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda ta riƙa kashe jariran da yunwa ta rame da su, kuma ita ce ta fara tona asirin ƙanjamau kanta: a ranar 5 ga Yuni, 1981, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wasu matasa biyar a birnin Los Anjeles da suka kamu da wannan nimoniya ba tare da wani sanannen dalili ba, kuma daga wannan rahoto ne ake ƙirga tarihin annobar. Ga mai HIV, haɗarin yana ƙaruwa sosai idan ƙwayoyin garkuwa na CD4 suka sauka ƙasa da 200, wanda shi ne abin da kan biyo bayan barin shan magani na dogon lokaci.

Hakin da kika gani yana da dalili. Ƙwayar cutar tana manne wa bangon ƙananan jakunkunan iska da ke cikin huhu, su cika da wani ruwa mai kumfa, sai iskar oksijin ta kasa ratsawa zuwa cikin jini yadda ya kamata. Mutum na zaune shiru yana iya jurewa, amma da zarar ya motsa, jikinsa ya buƙaci ƙarin iska, sai numfashi ya gagara.

Shi kuwa Septrin, wanda sunansa na asali kotirimoksazol, magunguna biyu ne a haɗe, tirimetofirim da salfametoksazol, kowanne yana toshe wani mataki na hanyar da ƙwayar cutar ke bi ta haɗa sinadarin folet, wanda ba za ta iya hayayyafa ba sai da shi. Bambancin shansa domin rigakafi da shansa domin magani yana cikin awo ne. Don rigakafi, babban mutum yana shan miligiram 960 sau ɗaya a rana. Don magani kuwa, ana lissafi da nauyin jiki, miligiram 15 zuwa 20 na tirimetofirim ga kowane kilo a yini, a raba gida uku ko huɗu. Mutum mai kilo 60 zai buƙaci kimanin miligiram 900 zuwa 1,200 a yini, kuma ƙaramar ƙwaya mai lamba 480 tana ɗauke da miligiram 80 na tirimetofirim, don haka ƙwaya goma sha biyu ta ba da 960, wato daidai cikin ma'auni. Idan manyan ƙwayoyi ne masu lamba 960, biyu ake sha sau uku. Wanda ciwonsa ya yi tsanani, ko yake amai, ta jijiya ake fara ba shi kafin a mayar da shi kan ƙwaya.

Tsawon shan maganin kwana 21 ne cur. Ina jaddada wannan domin yawancin majinyata suna jin sauƙi tun a mako na biyu, kuma a nan ne ake yin sakaci, a sallami mutum ya koma gida ya rage ƙwayoyin da kansa saboda sun yi masa yawa. Ki tsaya kai da fata ya cika kwanakin, ya riƙa shan ruwa isasshe, kuma idan an nemi a ɗebi jininsa a duba ƙoda da gishirin jini da yawan ƙwayoyin jini, kada a ga kamar ɓarnar kuɗi ce, domin a wannan awo mai yawa maganin yana iya tayar da sinadarin fotasiyam ko ya rage aikin ɓargo. Ki kuma nuna wa likitocinsa duk wani magani da yake sha a gida, musamman na hawan jini irin su lisinofiril, da na tsinka jini irin su wafarin, saboda ba sa jituwa da shi.

Tambaya ta biyu

Likita, ƙanena ne a kwance da wannan ciwo, an sa masa oksijin. Na ga an haɗa masa da firedinisolon, ni kuma na san wannan magani yana rage garkuwar jiki. Yaya za a ba wanda garkuwarsa ta riga ta karye abin da zai ƙara karya ta? Kuma a rana ta uku da fara magani jikinsa ya ƙara rikicewa, har wasu 'yan'uwa suna cewa mu ɗauke shi mu koma na gargajiya.

Daga wani malamin makaranta a Katsina

Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma likitoci da kansu sun daɗe suna wannan muhawara kafin bincike ya raba gardama. Abin da aka gano shi ne, idan aka fara magani ƙwayoyin cutar suka soma mutuwa, ragowar garkuwar jiki tana yi musu ca, huhu ya ƙara kumbura, iskar da ke shiga jini ta ƙara raguwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa majinyata da yawa suke ƙara jin jiki a kwana uku zuwa biyar na farko, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne aka fi rasa masu tsananin ciwo. Firedinisolon yana kwantar da wannan kumburi ne har maganin ya samu lokacin yin aikinsa. A 1990 wani kwamitin ƙwararru a Amurka ya duba gwaje-gwajen da aka yi ya ba da shawarar amfani da shi, saboda an ga yana rage mace-mace da kuma yawan waɗanda numfashinsu ke gazawa gaba ɗaya.

Ba kowa ake ba shi ba. Ana ba wanda awon iskar oksijin a jinin jijiyarsa ya yi ƙasa da 70, kuma a wuraren da babu wannan gwaji ana dogara da 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa, idan ta nuna ƙasa da kashi 92 cikin ɗari alhali ba a sa wa mutum oksijin ba. Ana so a fara shi tare da Septrin, ko a cikin awa 72 na farko, domin bayan haka amfaninsa yana raguwa. Tsarin da aka saba ga manya shi ne miligiram 40 sau biyu a rana na kwana biyar, sai 40 sau ɗaya na wasu kwana biyar, sannan 20 a rana har a cika kwana 21. Wannan ragewa a hankali wani ɓangare ne na maganin, kuma katse shi farat ɗaya yana iya dawo da ciwon.

Tsoronka ba banza ba ne, domin firedinisolon yana iya tayar da suga, yana iya kawo farin da ke manne wa harshe da dasashi, kuma idan akwai tarin fuka da ya ɓuya yana iya ba shi ƙarfi, shi ya sa ake dagewa a bincika tarin fuka tun farko. Haka nan wanda ya daɗe yana shan irin wannan magani ba bisa ƙa'ida ba, kamar masu shan ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa barkatai waɗanda wasunsu dangin wannan magani ne, yana iya kamuwa da PCP ko da ba shi da HIV. Amma shan mako uku a ƙarƙashin kulawar likita wani abu ne daban, alherinsa ya rinjayi haɗarinsa nesa ba kusa ba.

Game da ɗauke shi daga asibiti, ina roƙonka da ka tsaya tsayin daka ka hana. Likitoci ba sa yanke hukuncin cewa magani ya gaza sai an yi kwana huɗu zuwa takwas ba a ga canji ba, kuma a wannan tsakani oksijin ɗin da aka sa masa shi ne ke riƙe da shi. Idan kuma ya ji wani ciwon ƙirji mai suka kwatsam numfashi ya ƙara tsananta, a kira ma'aikatan jinya nan take, domin wannan cuta tana iya huda huhu iska ta taru a ƙirji, abin da ke buƙatar a sa bututu a zuƙe ta cikin gaggawa.

Tambaya ta uku

Ranka ya daɗe, ni duk lokacin da na sha Septrin sai ƙuraje su feso mini da ƙaiƙayi. Idan wannan ciwo ya kama ni, ke nan ba ni da magani?

Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi

Kana da magani, Alhaji, sai dai dole a fara tantance irin ƙurajen da kake yi. Masu HIV sun fi sauran mutane samun wannan matsala da Septrin, kuma ta fi bayyana a mako na biyu na shansa. Idan 'yan jajayen ƙuraje ne da ƙaiƙayi kawai, babu zazzaɓi mai zafi, babu gyambo a baki, likita yakan ci gaba da maganin tare da ba da na ƙaiƙayi yana sa ido. Ga mai buƙatar rigakafi kuma akwai hanyar sabar wa jiki da shi, a fara da ɗan ƙaramin awo ana ƙarawa kullum har a kai cikakke. Amma idan fata tana yin bororo tana saɓulewa, leɓɓa da cikin baki da idanu da al'aura suka yi gyambo, wannan shi ne mummunan nau'in da ke iya kisa, kuma wanda ya taɓa yin sa ba zai sake shan Septrin ba har abada, haka ma Fansidar, domin su biyun dangin salfa ne. Ya kamata a rubuta wannan a katinsa na asibiti, iyalinsa ma su sani.

Daga cikin magungunan da ke maye gurbinsa, haɗin kilindamaisin da firimakwin shi ne likitoci da yawa suka fi zaɓa, har ga ciwo mai ɗan tsanani. Akwai fentamidin da ake bayarwa ta jijiya, miligiram 4 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, yana aiki amma yana da wuyar sha'ani, domin yana iya saukar da suga da bugun jini ƙwarai, ya taɓa ƙoda da gaɓar ciki da ke sarrafa suga, don haka sai a gadon asibiti. Ga ciwo mara tsanani akwai haɗin dafson da tirimetofirim, akwai kuma atobakwon na ruwa, miligiram 750 sau biyu a rana, wanda dole a sha shi da abinci mai maiƙo kafin jiki ya zuƙe shi, sai dai yana da tsada kuma samunsa a yankinmu ba sauƙi. Dukansu kwana 21 ake yi.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Firimakwin da dafson suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga mutanen da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, kuma wannan gado ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga maza. Don haka ana so a yi gwajinsa kafin a fara ɗayansu, kuma duk wanda ke shansu ya ga fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ko idanunsa sun yi shawara, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ya koma asibiti a ranar. Kada kuma wani ya ce tunda ƙwayar cutar dangin fumfuna ce fulukonazol zai yi, ba ya yi mata komai, domin ba ta da sinadarin da wannan magani ke kai wa hari a jikin sauran danginta.

Tambaya ta huɗu

Likita, ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin karkara, ba mu da hoton ƙirji, gwajin kaki ma sai mun aika gari. Yaya zan bambanta PCP da tarin fuka da nimoniyar da aka saba? Kuma me zan yi kafin majinyaci ya isa babban asibiti?

Daga wani ma'aikacin lafiya a jihar Jigawa

Allah ya ƙara maka ƙarfin gwiwa, abokin aiki, domin a hannun irinku ake fara cin nasara ko a yi asara. Labarin yadda ciwon ya faro shi ne babban makaminka. Nimoniyar bakteriya takan faɗo ne cikin kwana biyu zuwa biyar, da zazzaɓi mai rawar sanyi, kaki mai kauri ruwan ɗorawa ko mai tsatsa, da suka a gefe ɗaya na ƙirji, kuma tana kama mai HIV ko da CD4 ɗinsa yana sama. Tarin fuka yakan ɗauki makonni, da rama, da gumin dare, wani lokaci da kaki mai jini ko kaluluwa a wuya. PCP kuwa tana lallaɓowa cikin mako ɗaya zuwa uku, tarin busasshe ne, hakin ya fi tarin damun mutum, kuma abin da ke ruɗar da mutane shi ne sau da yawa idan ka saurari ƙirji za ka ji shi sarai alhali majinyaci yana numfashi sama-sama. Idan kana da na'urar yatsa, ka auna shi yana zaune, ka sa ya ɗan taka, ka sake aunawa. Faɗuwar lambar bayan motsi alama ce mai ƙarfi. Ka duba bakinsa ko akwai fari a harshe, ka kuma tambaye shi ko yana shan Septrin kullum, domin mai shansa da gaske da wuya PCP ta kama shi.

Tabbatar da cutar yana da wuya ko a manyan asibitoci, saboda ƙwayar ba ta tsiro a ɗakin gwaji, sai an sa majinyaci ya shaƙi tururin ruwan gishiri an samo kaki daga can ciki, ko an zura bututu an wanko huhu. Saboda haka a mafi yawan wurarenmu da alamu ake fara magani, kuma hakan daidai ne, domin jiran tabbaci yana iya cin rai, ga shi kuma ƙwayar tana nan a huhu ana iya ganin ta ko bayan kwanaki da fara magani.

Abin da nake so ka riƙe shi ne cututtukan nan suna haɗuwa a jikin mutum ɗaya, kuma a ƙasashenmu tarin fuka ne kan gaba wajen kashe masu HIV. Samun PCP bai kore shi ba, gwajin kaki ɗaya da bai nuna komai ba shi ma bai kore shi ba. Ka aika kaki a yi gwajin tarin fuka na GeneXpert, idan kuma kuna da gwajin fitsari na LAM, wanda shi ma na gano tarin fuka ne, ka yi shi, domin ya fi amfani ga waɗanda garkuwarsu ta yi ƙasa sosai. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da tsarin kula da wanda cutarsa ta yi nisa, wato mai CD4 ƙasa da 200, wanda ya haɗa da binciken tarin fuka, da gwajin jini na ƙwayar da ke kawo sanƙarau ga masu ƙanjamau, da ba da Septrin. Ka guji ba mai tari sifurofuloksasin ko lebofuloksasin kafin a kore tarin fuka, domin suna lafar da shi na ɗan lokaci, gwaji ya ruɗe, a yi jinkirin gano shi. Wanda yake numfashi fiye da sau 30 a minti, ko ba ya iya tafiya sai an riƙe shi, ko na'ura ta nuna ƙasa da kashi 90, ka ba shi awon farko na magani bisa ƙa'idar da kuke aiki da ita, ka sa masa oksijin idan akwai, ka tura shi a ranar da takarda mai bayanin abin da ka ba shi da lokacin da ka ba shi.

Tambaya ta biyar

Likita, ina da HIV, ina shan maganina tare da Septrin, kuma ina da ciki wata shida. A wurin awo an ce kada in sha Fansidar da ake ba sauran mata. An kuma ce idan na haihu za a ba jaririn Septrin na ruwa. Me ya sa za a ba shi magani alhali ba a tabbatar yana da cutar ba?

Daga wata mai juna biyu a Kano

Allah ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa. Abin da aka gaya miki a wurin awo daidai ne. Septrin ɗin da kike sha kullum yana kare ki daga zazzaɓin cizon sauro, kuma shi da Fansidar hanya ɗaya suke aiki, haɗa su ba ya ƙara kariya, illa kawai yake ƙarawa. Ki ci gaba da kwana a gidan sauro da shan maganin ƙarin jini da aka ba ki.

Jaririn kuwa, dalilin shi ne PCP ta fi kama jarirai masu HIV tsakanin wata uku zuwa shida da haihuwa, tana zuwa musu da sauri da tsanani fiye da manya, kuma a jarirai adadin CD4 ba ya nuna wanda ke cikin haɗari. Sau da yawa ita ce alamar farko da ke nuna yaro ya kamu, kuma a lokacin an riga an makara. Shi ya sa ake fara ba duk jaririn da mahaifiyarsa ke da HIV daga mako huɗu zuwa shida da haihuwa, ana ƙara awon yayin da nauyinsa ke ƙaruwa, a ci gaba har a yaye shi a yi gwajin ƙarshe a tabbatar ba ya ɗauke da ƙwayar. Wani bincike da aka yi a Zambiya aka wallafa a 2004 ya nuna cewa wannan magani ya rage mutuwar yara masu HIV da kashi 43 cikin ɗari, kuma magani mai araha da ke yin irin wannan aiki bai kamata a bari ya ƙare a gida ba tare da an je an karɓo wani ba. Tunda kina shan maganinki a kan lokaci, babban zato shi ne ɗanki zai fito lafiya, Septrin ɗin kariya ce ta tsawon lokacin jiran tabbaci.

Tambaya ta shida

Likita, na warke daga PCP, an kuma sa ni a kan maganin HIV. Yaushe zan daina Septrin?

Daga wani direba a Jos

Barka da arziki, Malam. Wanda ya gama kwana 21 na magani yana komawa kan awon rigakafi ne washegari, ƙwaya ɗaya mai lamba 960 a rana, domin cutar tana yawan dawowa muddin garkuwa ba ta farfaɗo ba. A Turai da Amurka ana dakatar da shi idan CD4 ya haura 200 ya zauna a haka fiye da wata uku mutum yana kan maganin HIV. A yankinmu lissafin ya bambanta. Bincike biyu da aka yi a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa aka wallafa a 1999 sun nuna cewa amfanin Septrin ga masu HIV a Afirka ya wuce PCP, yana rage cututtukan bakteriya masu tsanani da zazzaɓin cizon sauro da yawan kwanciya a asibiti, kuma yana kare ƙwaƙwalwa daga wata cutar da ke kawo farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki ga masu raunin garkuwa. Saboda haka a 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa a wuraren da zazzaɓin cizon sauro da cututtukan bakteriya suka yawaita a ci gaba da shansa ko da CD4 ya hau. Kada ka daina da kanka, ka bar wa asibitin da kake karɓar magani su duba sakamakonka su yanke.

Maganin HIV da aka sa ka a kai shi ne zai maido da garkuwar, kuma yanzu ana fara shi ne a cikin mako biyu da fara maganin PCP, saboda an ga jinkirta shi yana ƙara mace-mace. A makonnin farko wasu suna ganin zazzaɓi da tari sun ɗan dawo yayin da garkuwa ke farfaɗowa tana yaƙar ragowar cutar. Idan hakan ta faru ka koma a duba ka, amma kada ka ajiye ƙwayoyinka. Ka tambaye su kuma game da maganin rigakafin tarin fuka idan an tabbatar ba ka da shi. Kasancewarka direba, ka riƙa tafiya da maganin da zai ishe ka fiye da kwanakin da ka yi niyya, ka kuma nemi a ba ka na watanni da yawa a lokaci ɗaya idan sakamakonka ya daidaita, domin asibitoci da dama suna yin hakan ga waɗanda aikinsu na tafiye-tafiye ne.